Ɗan abin da nake maƙalawa a wuyan riga, da rigimar batir

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yana da tsawo, don haka wanda cajinsa ya yi ja ya adana shi sai an kawo wuta.

Tun da aka dawo hutu ake tsokanata a kan ɗan baƙin abin nan da nake maƙalawa a wuyan riga. Wani ya ce rimot ɗin mota ne, wani ya ce carbin zamani ne mai ƙirge. Jiya kuma bayan Isha'i wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Yaya, don Allah har yanzu akwai mai amfani da MP3 a duniyar nan? Ba ga waya ba?" Na ce masa zan ba shi amsa a rubuce, don in muka tsaya a nan sauro zai cinye mu kafin in kai rabi. To ga amsar, kuma ta kowa ce.

Babbar Sallar bara na hau mota daga Ibadan da yamma zan tafi gida. Kwana biyu ba mu ga wuta ba, fawa bankina babu komai a cikinsa, wayar ce kawai na samu na cika a shagon mai caji. Muka kama hanya, na sa abin kunne ina jin tafsiri, ina leƙa WhatsApp, ina leƙa Facebook. Ga shi a kan hanya waya ta fi shan caji, saboda duk inda sabis ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfi tana nemansa. Muna tsallake gadar Jebba na ga saura 20. Kafin Mokwa ta ɗauke. Can cikin dare mota ta lalace a dokar daji, muka shafe sa'o'i ana kwance wannan ana ɗaura wancan. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da uwa take rayawa a ranta idan aka ce mata wayar ɗanta a kashe take ƙarfe biyun dare. Na iske Umma ba ta runtsa ba. Ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi ta ce, "Ka iso?" Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ƙari a kan haka, ko ruwan leda ban iya saya da kuɗina ba a tafiyar, don kuɗin suna cikin wayar da ta mutu.

Daga ranar na yanke wa kaina hukunci: wayar da ta zama bankina, ta zama katin shaidata, ta zama igiyar da ke tsakanina da gida, ba zan ƙara ƙona cajinta wajen sauraro ba. Sauraro ya nemi nasa gidan.

Da na dawo na ba wani abokina ɗan sashen injiniyan lantarki labari, sai ya buɗe durowa ya ɗauko ɗan abin nan. Sunansa Sansa Clip+, kamfanin SanDisk ya fitar da shi a 2009. Na hannu ne, a Computer Village ta Ikeja ya tsinto shi. Bai fi kwalin ashana ba, yana cin memori, yana da rediyon FM, yana naɗar murya. Ya ce min, "Na'urar ba ita ce labarin ba, abin da na zuba mata ne." Abin da ya zuba mata kuwa shi ne Rockbox.

Bari in yi bayani don waɗanda ba 'yan kwamfuta ba. Kowace irin wannan na'ura tana da manhajar ciki, wadda kamfani ya sa mata tun daga masana'anta. Ita ce ke kunna fuska, ita ke karanta fayil, ita ke mayar da shi sauti, ita ke yanke shawarar wane sashe zai sha wuta, wane zai kwanta. A ƙarshen 2001 wasu masu rubuta manhaja 'yan ƙasar Suwidin, Björn Stenberg da Linus Nielsen Feltzing da Daniel Stenberg, suka gaji da manhajar da ke cikin na'urar sauraro ta kamfanin Archos na Faransa, suka ce bari su rubuta tasu. 'Yan kimiyyar kwamfuta sun san Daniel Stenberg, shi ne mai curl. Suka saki aikin a buɗe ƙarƙashin lasisin GPL, ma'ana rubutun da aka gina manhajar da shi a fili yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba, ba ko sisi. Daga Archos aikin ya bazu zuwa na'urorin iriver da Cowon da Sansa da iPod na Apple, kuma har yau akwai masu aiki a kansa, ba don albashi ba.

Yanzu ga inda rigimar take. Da zarar ka ce za ka cire manhajar kamfani ka sa wata, tambayar farko ita ce batir. Mutane sun kasu biyu. Wasu sun ce wanda ya ƙera abu shi ya fi sanin cikinsa, don haka duk wata manhajar waje za ta zuƙe caji. Wasu kuma, masu son abin har ya yi yawa, sun ce Rockbox ko a kan dutse ka sa shi sai ya kwana uku yana waƙa. Ni ra'ayina duka biyun sun faɗi rabin gaskiya, kuma tarihin abin da kansa ya raba gardamar.

Lokacin da Rockbox ya fara aiki a kan iPod, wajen 2006, masu cewa kamfani ya fi su ne da gaskiya. Cajin ya fi saurin ƙarewa fiye da na manhajar Apple, kuma su kansu masu aikin ba su ɓoye ba. Dalilin a fili yake. Ƙwaƙwalwar da ke cikin waɗancan iPod ɗin ta wani kamfani ce, PortalPlayer, kuma ba a saki takardun bayaninta ga jama'a ba. Ka ɗauka an ba ka makullin wani katafaren gida cikin dare, ba taswira, ba mai nuna maka inda makunnan fitilu suke. Ka lalubo ka kunna na ɗakin da kake so, amma akwai fitilu goma da fanka biyar a wasu ɗakunan da ke ta aiki ba ka san inda ake kashe su ba. Haka suka fara. Sai da suka ɗauki shekaru suna lalube, suna gwaji, suna auna wutar da kowane sashe ke ja, suna gano makunni ɗaya bayan ɗaya, kafin giɓin ya rufe.

A kan irin tawa kuma labarin ya juya. SanDisk ya yi alƙawarin sa'o'i 15 a kan Clip+. A 2017, shekara takwas bayan fitowar na'urar, lokacin da kamfanin ya riga ya koma sayar da wasu samfura, Rockbox ya fitar da siga ta 3.14, wadda ta zo da gyaran da ya ƙara wa wannan dangin na Sansa daɗewar caji ƙwarai, har ya zarce alƙawarin kamfanin nesa ba kusa ba. Ba a canza batir ba, ba a buɗe na'urar ba. Wasu mutane ne suka zauna suka gano cewa ƙwaƙwalwar za ta iya yin aikin da gudu kaɗan da wuta kaɗan, suka rubuta, suka raba wa duniya.

Ku tsaya ku dubi wannan da kyau, don shi ne dalilin rubutun gaba ɗaya. Na'urar da ke hannun mutum ta tsufa da shekara takwas, amma cajinta ya ƙaru. A wace wayar kuka taɓa ganin haka? Mu abin da muka saba shi ne kowane sabuntawa ya zo waya ta ƙara nauyi, caji ya ƙara gudu, har ka gaji ka sayi wata. Kamfani yana gyara abin da yake sayarwa yau. Wanda ya sayar shekara takwas da suka wuce ba ya kawo masa ko kwabo, don me zai biya injiniya ya zauna a kansa? Wanda ke riƙe da tsohuwar na'urar shi ne mai buƙatar gyaran, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce kaɗai ke ba shi dama. To su wa suka fi mu riƙe tsofaffin na'urori? Kwamfutar da nake rubuta kundina da ita ta hannu ce. Wayar mafi yawanmu ta hannu ce. Abin da wasu suka yar, shi muke saya da kuɗinmu. Shi ya sa nake ganin wannan magana ta fi shafar mu fiye da 'yan Suwidin ɗin da suka fara ta.

Bari mu yi ɗan lissafi, ko 'yan sashen Hausa da Tarihi za su iya binsa. Batirin Clip+ mAh 290 ne. Na wayar yawancinmu 5000 ne, wato ya ninka shi sau 17, amma da ƙyar yake kai mu dare. Idan 290 ya yi sa'o'i 15, na'urar tana jan kusan mA 19 ke nan. Ka rage mata 5 kacal, ta koma 14, ka samu sa'o'i 20 da ɗoriya. Ka kai ta 10, ka samu 29. A ƙaramin batir, ɗan abin da ka tsimi yana zama sa'o'i. Kamar ɗalibai biyu ne aka turo wa kuɗi iri ɗaya daga gida: ɗaya ranar 15 ga wata ya koma garin kwaki, ɗaya har ƙarshen wata yana cin shinkafa. Ba a fi turo wa na biyun ba, ya dai san inda kuɗinsa ke zurarewa.

To ina cajin yake zurarewa?

Na farko fuska. A yawancin waɗannan na'urori, hasken fuska yana cikin manyan masu shan wuta. Rockbox yana ba ka damar cewa hasken ya mutu bayan daƙiƙa biyar ko ƙasa da haka, ka rage ƙarfinsa, ka hana shi kunnuwa duk lokacin da aka shiga sabon fayil. Wanda ke jin karatu ba kallo ya zo yi ba.

Na biyu ƙwaƙwalwa. Fayil ɗin MP3 a dunƙule yake, sai an warware shi kafin ya zama sauti, kuma warwarewar aiki ce. Rockbox yana tafiyar da ƙwaƙwalwar a hankali, sai aiki ya yi nauyi ya taka mata wuta, da an gama ya sassauta. A kan iPod Video, misali, yana zama a megahaz 30, ya hau 80 idan da buƙata. Kamar janareta ne: da fitila kawai yana tafiya lumui, ka jona dutsen guga ka ji ya canza murya yana shan mai. Saboda haka duk abin da ke sa ƙwaƙwalwar ta daɗe a sama yana cin cajinka. Mai daidaita sauti da ake ƙara wa ganga ƙarfi da shi yana ci. Ƙara saurin magana ba tare da muryar malam ta koma ta yara ba yana ci sosai. Nau'in fayil ma yana da tasiri: MP3 na yau da kullum mai sauƙi ne, APE kuwa nauyi ne da shi kamar buhun siminti.

Na uku ma'ajiya, kuma wannan ya fi shafar masu tsohon iPod mai faifai a ciki. Faifan nan juyawa yake yi da ɗan inji, kuma tayar da shi yana jan wuta da yawa. Dabarar ita ce a tayar da shi sau ɗaya, a kwashi sauti mai yawa a zuba a ma'ajiyar wucin gadi, a kashe shi. Duk wanda ya zauna a hostel ya san wannan: ka je famfo sau ɗaya ka cika bokiti da jarka, ya fi ka riƙa sauka bene da kofi duk lokacin da ƙishi ya kama ka. iPod Video mai gigabait 30 yana da ma'ajiyar wucin gadi megabait 32. MP3 na matsakaicin inganci yana cin kusan megabait ɗaya a minti, ka ga ɗiba ɗaya ta kai ka minti ashirin da wani abu faifai na barci. Amma FLAC, duk da warware shi ba wuya, ya ninka MP3 girma sau da yawa, don haka jarkar ba ta daɗewa, faifan ya yi ta tashi. Haka kuma mai tsalle-tsalle, ya ji minti ɗaya a nan ya koma wata folda, kullum zubar da ruwan da ya ɗebo yake yi yana komawa famfo. Shi ya sa da yawa suke cire faifan su sa allon da ke karɓar memori a madadinsa.

Ka lura, babu sihiri a ko ɗaya cikin ukun nan. Manhajar kamfani ma tana yin wasu daga ciki. Bambancin shi ne a can an yanke maka hukunci an rufe ƙofa, a nan kuwa an ajiye maka makunnan a gabanka. Kuma wannan yana nufin za ka iya ɓata wa kanka. Na ga wanda ya sa Rockbox, ya loda masa ado mai hoton kundi da sandunan da ke rawa da kiɗa, ya bar fuska a kunne, ya buɗe mai daidaita sauti har ƙarshe, ya zauna yana buga Doom a kai, don har wasanni akwai a ciki, sannan ya zo yana cewa abin yana shan caji. Malam, ba shi ya sha ba, kai ka sha.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane, shi ne lambar kaso da ake nunawa. Waɗannan na'urori ba leƙa cikin batir suke yi su ga abin da ya rage ba. Ƙarfin wutarsa suke aunawa, wanda ke farawa daga kusan bolt 4.2 idan ya cika yana sauka a hankali, sai su yi kirdado. Kowace manhaja da irin kirdadonta. Wata za ta daɗe tana nuna maka a cike, sannan ta faɗo lokaci guda. Wata za ta fara sauka da wuri amma ta daɗe a ƙasa. In ka tsaya kallon sanda kawai, za ka yanke hukuncin zalunci. Ma'auni ɗaya ne: daga cika zuwa mutuwa, sa'o'i nawa?

A nan ne abin ya fi burge ni. A cikin Rockbox akwai ɗan shiri mai suna battery_bench. Ka cika caji, ka kunna jerin fayiloli masu yawa su yi ta maimaituwa, ka tayar da shirin, ka ajiye na'urar har ta mutu da kanta. Idan ka sake kunnawa za ka tarar ya rubuta maka fayil: lokaci kaza, ƙarfin batir kaza, layi bayan layi har zuwa numfashin ƙarshe. Kana so ka kwatanta da manhajar kamfani? Ba a goge ta ba, tana nan, maɓalli ɗaya ake riƙewa wajen kunnawa a shiga cikinta. Ka sa fayiloli iri ɗaya, ƙarar sauti iri ɗaya, abin kunne iri ɗaya, ka duba agogo. Manhajar da ke ba ka abin da za ka kama ta da shi in ta yi ƙarya, ni kam ta samu amanata.

Kuma a nan zan ɗan taɓa mu, mu 'yan digiri na biyu. Kullum muna cikin aji ana koya mana hanyoyin bincike, ana ce mana kada ka canza abu biyu lokaci guda, kada ka faɗi abin da ba ka auna ba. Mu rubuta babi na uku mu cika shi da manyan kalmomi. Amma da mun fito aka zo maganar waya ko caji ko fawa banki, sai mu koma "an ce". An ce kaza ta fi riƙe caji. An ce in ka sa waya a firji batir zai farfaɗo. Wa ya ce? Ya auna? Gani ya kori ji, kuma gwajin nan ba ya cin komai sai dare ɗaya da za ka bar na'urar tana waƙa a cikin durowa.

Yanzu bari in faɗi abin da za a faɗa min, don na san ku.

Za a ce waya tana yin duk wannan. Gaskiya ne, har ta fi. Amma waya ba ta taɓa yin abu ɗaya. Kana jin karatu tana neman sabis, tana karɓar saƙon rukunin aji, tana sabunta abin da ba ka sa ta ba. Kai ma ba ka yin abu ɗaya a kanta. Sau nawa ka ɗauko ta don ka mayar da karatu baya kaɗan, ka farga bayan minti arba'in kana cikin rigimar siyasar da ba ta shafe ka ba? Ɗan abin nan ba ya kiran kowa, ba mai kiransa. Ina sa masa karatun Husari, in zaɓi farkon aya da ƙarshenta, ya yi ta maimaita min ita har ta zauna. Ina jin tafsirin marigayi Malam Ja'afar, in na tsaya ya sa alama, gobe ya ɗora daga daidai inda na tsaya, ko da fayil ɗin na sa'a biyu ne. Ranar da kewar gida ta taso kuma in sa Shata, ba ruwan kowa.

Za a ce ai sai ka sayi fawa banki. Ina da shi. Amma shi ma cikinsa ake cikawa, kuma babbansa yana son sa'o'i a jone. Ranar da aka kawo wuta ta minti arba'in, mutum goma a kan soket ɗaya, wa zai bar ka? Batirin mAh 290 kuwa ko daga kwamfutar abokinka ka ɗan tsotsa ya ishe ka. Mun kuma ga abin da ya faru a Oktoban 2024, da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Wanda ya je gida a lokacin ya san darajar abin da ke rayuwa da ɗan kaɗan.

Za a ce tsohon abu ne, batirinsa ya mutu. Wannan ita ce magana mafi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Batirin litiyam yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi kuma yana gaggauta masa, mu kuwa zafi ba baƙonmu ba ne. Na'urar da ta shekara goma sha a durowar wani, babu manhajar da za ta mayar mata da ƙuruciya. Rockbox tattali yake yi, ba ya ta da matacce. In batirin ya gaji sai a canza. Na Clip+ da dalma aka liƙa shi, amma duk mai gyaran wayar da hannunsa ya faɗa, a Farm Centre ta Kano ko a nan Sabo, zai iya, in an samu daidai girmansa. In kuma ka ga murfi ya ɗago ko batir ya kumbura, kada ka sake jona shi, kada ka huda shi, kada ka kwana da shi kusa da katifa.

Za a ce za ka lalata na'urarka. Akwai haɗari, amma kaɗan ne in ka bi ƙa'ida. Akwai shirin girkawa na kwamfuta, Rockbox Utility, da ke yin yawancin aikin. Sharaɗin shi ne ka tabbatar samfurinka yana cikin jerin waɗanda aka tallafa wa, harafi da harafi. Clip+ da Clip Zip suna ciki, amma Clip Sport da Clip Jam, duk da kamar sunan, ba sa ciki, don cikinsu daban ne. 'Yan MP3 ɗin nan marasa suna da ake zubawa a faranti a bakin tasha su ma ba sa ciki, kada wani ya saya ya zo yana nemana. Araha ba ta ado. Kuma ka kwafe fayilolinka a wani wuri kafin ka fara, kada a cire waya ana tsakiyar aiki.

Za a ce ba Bluetooth. E, babu a irin tawa. Abin kunne mai waya ake sawa. Ni a wurina ribar ƙafa ce, don abu ɗaya ke nan da ba sai na nema masa soket ba.

Ga wanda ya riga yana da irin na'urar, ko ya tuna akwai wani tsohon iPod a durowar yayansa, abin da nake yi ke nan. Hasken fuska daƙiƙa biyar. Mai daidaita sauti a kashe, sai in Shata zan ji. Agogon barci a minti 30 idan na kwanta, don kada malam ya kwana yana yi wa matashin kai tafsiri. Kashe kai da kai idan an bar ta ba aiki. Makulli a kunne idan tana aljihu. Karatu da lakca kuma ba sa buƙatar babban fayil: magana a kilobit 64 tana fita tsaf, sa'a guda ba ta kai megabait 30 ba. Sai dai kada ka ɗauki fayil ɗin da masu tura waƙa a kasuwa suka riga suka matse ka ƙara matse shi, muryar za ta koma kamar daga cikin rijiya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne roƙona ga 'yan kwamfuta da 'yan harsuna da ke cikinmu. Rockbox yana iya karanta maka jerin zaɓuɓɓukansa da murya, abin da ya sa makafi a ƙasashe da yawa suka riƙe shi. Wannan ma tattalin caji ne, don mai jin zaɓi a kunne ba ya buƙatar kunna fuska. An fassara shi zuwa harsuna da dama, akwai Larabci, akwai Faransanci, har da Afirkans na Afirka ta Kudu. Babu Hausa. Ba wanda ya hana mu. Fayil ɗin rubutu ne, layin Turanci a sama, kai ka sa naka a ƙasa. Muna da masu digiri a Hausa, muna da masu digiri a kwamfuta, muna zaune a masallaci ɗaya muna cin abinci a faranti ɗaya. Kullum muna kukan an bar harshenmu a baya a fasaha, ga ƙofa a buɗe ba mai gadi. In akwai mai sha'awa ya same ni bayan Magariba, ni zan kawo shayi.

Da ƙaramar Sallah na sake bin hanyar nan. Na kashe data, na jefa wayar a aljihun gaba, na maƙala ɗan abin nan a wuyan riga. Muna shiga Mokwa na kira Umma na ce mata ga inda muke. Da asuba na sake kira. Da na sauka a tasha wayar tana da fiye da rabi, ɗan abin kuma bai gama surar da yake karantawa ba.

Ƙanena ɗan aji biyu, ka ji dalili. In kana so ka gwada, zan ara maka na kwana biyu, amma da sharaɗi: ka auna, ka zo min da lamba, ban da "an ce".

Allah ya ba mu wuta mai ɗorewa, ya sa mu gama karatun nan lafiya, ya mayar da mu gaban iyayenmu cikin aminci.